Wanne Ne Na Gaskiya? Nazari a Kan Juye-juyen Littafi Mai Tsarki na Hausa da Yadda Muke Riƙe Su

Duk mai hidimar da aka tura ƙasar Hadejia, ba zai daɗe ba za a yi masa wata tambaya wadda ba a cika shirya shi dominta a aji ba. Mai tambayar kuwa sau da yawa ba faɗa yake nema ba. Ya ga Littafi a hannun fasto, ya ga wani dabam a hannun matar fasto, ya kuma ji yaro yana karanta na uku daga cikin waya, kalmomin ba su zo ɗaya ba. Sai ya ce, “Fasto, a cikin ukun nan wanne ne na gaskiya?” Idan muka saurara da kyau, za mu ji ana yin wannan tambaya a cikin majami'a ma, sai dai a can ba ta zuwa da siffar tambaya, hukunci ne: dattijo ya ce tsohon juyi shi ne Maganar Allah, sauran kuwa an taɓa su. A ganinmu tushen maganganun nan biyu ɗaya ne, kuma mai hidimar da bai iya amsa ta ciki ba, ba zai iya amsa ta waje ba.

Mu ɗauki Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma, gabas da Hadejia. Ƙasar fadama ce, ta masunta da manoman shinkafa da Fulani makiyaya, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai da hunturu. Masu bi kaɗan ne a wannan yanki, yawancinsu kuma ma'aikata ne da 'yan kasuwa da masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda suka fi taruwa a Hadejia da Malam Madori. Amma abin da ya fi shafar zancenmu shi ne, nan ƙasar tsangaya ce. Yaro yana tashi da allo da tawada. Yana ganin ba a taɓa Alƙur'ani sai da tsarki, ba a ajiye shi a ƙasa, ana adana shi cikin gafaka. Ya san alarammomin da suka haddace izu sittin, har suna iya rubuta shi duka da ka. A wurin maƙwabcinmu littafin Allah saukakke ne, da harshe ɗaya, harafi bayan harafi, fassara kuwa ba ita ce littafin ba. Shi ya sa aikin da Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya yi da Hausa aka kira shi tarjamar ma'anoni, aka kuma buga shi tare da Larabcin a gefe. Saboda haka mutumin da ya tambayi fasto wanne ne na gaskiya, tambayar hankali ya yi bisa ga abin da ya tashi a kai. Ya cancanci amsar hankali, ba tsawa ba.

Amsar tana farawa da sanin inda Littafin da ke hannunmu ya fito. Wanda ya fara juya Nassi zuwa Hausa shi ne James Frederick Schön, Bajamushe mai aiki da mishan ɗin CMS, wanda ya hau Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther a 1841. Bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Daga bakin 'yantattun bayi ya koyi harshen, daga baya kuma daga wurin Dorugu, saurayin nan na ƙasar Damagaram wanda Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Sabon Alkawari na Schön ya fito a 1880. Sai Likita Walter Miller, wanda ya zo Kano tare da Bishop Tugwell a 1900, Sarki Alu ya sallame su, daga baya ya zauna a Zariya shekaru masu yawa. Da aikinsa da na waɗansu 'yan mishan da Hausawan da suka zauna da su, waɗanda ba a cika tuna sunayensu ba, aka sami cikakken Littafi a 1932. Shi ne muke kira tsohon juyi. Bayansa Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya ta fitar da juyin 1979, sa'an nan Biblica ta fitar da Sabon Rai Don Kowa, Sabon Alkawari a 2009, cikakke a 2020. Akwai waɗansu kuma, amma waɗannan uku su ne mai hidima zai fi tararwa a kan benci ran Lahadi.

Ko wannan ɗan tarihi kaɗai ya isa ya girgiza mai cewa tsohon juyi ne na asali. Tsohon juyi ma sabo ne a zamaninsa, ya zo ne domin ya gyara na Schön.

Ba ma faɗin haka don rena shi. Juyin 1932 yana da nauyi wanda babu mai musunsa. Yana bin ginin jimlar asali kurkusa, har mai nazari yakan ga inda manzo Bulus ya ɗaura wannan magana da waccan. Da shi kakanninmu suka koyi karatu, da kalmominsa aka yi musu baftisma, da su aka binne su, waƙoƙinmu da addu'o'inmu cike suke da su. Wani abin mamaki ma shi ne, an shirya shi domin Hausawa, amma waɗanda suka fi rungumarsa su ne mutanen Filato da kudancin Kaduna da Tangale da Adamawa, waɗanda Hausa ba harshen uwa ba ce a gare su. Dattijon da ya ce ba ya jin daɗin wani juyi sai wannan, ba taurin kai kaɗai ke damunsa ba, muryar mahaifinsa yake ji a ciki. Sai dai rauninsa ma daga ƙarfinsa ya fito. A wurare da dama kalmomin na Hausa ne amma ginin ba na Hausa ba ne, Bahadeje kuwa da ya ji zai gane cewa baƙo ne ke magana. Waɗansu kalmomin kuma sun riga sun fita daga bakin mutane. Mutum nawa ne a cikin ajin baftisma za su iya faɗin ma'anar “Kubawar Shari'a”? Amma da an ce “Maimaitawar Shari'a”, kamar yadda juyin 1979 ya sa, ko yaro ya gane cewa Musa ne ke sake faɗa wa jama'a dokokin da aka riga aka ba su. Mutanen fadama sun san abin da kacala ke yi wa hanyar ruwa: ruwan yana nan, an sako shi daga Tiga, amma bai kai gona ba.

Juyin 1979 ya saurari kunnen Bahaushe, a nan kuwa muke ganin babbar nasararsa da kuma tuntuɓensa. Mu ɗauki “Almasihu” a madadin “Kristi”. Wannan zaɓi ne mai kyau ƙwarai. A kunnen mutane da yawa “Kristi” kamar sunan mahaifi ne da ake liƙa wa Yesu, alhali kuwa laƙabi ne, ma'anarsa shafaffe, wato sarkin da Allah ya keɓe da mai. “Almasihu” daga tushe ɗaya yake da kalmar Ibraniyanci, maƙwabcinmu kuma ya riga ya san shi. Amma sanin kalma ba shi ne sanin abin da ke cikinta ba. Shi ya san ta a matsayin laƙabin Annabi Isa, ba tare da labarin Dawuda da alkawarin sarauta ba, don haka aikin cika ta da ma'ana yana wuyan mai wa'azi. Haka nan “Karin Magana” a madadin “Misalai”: daga sura 10 zuwa gaba sunan ya zauna daram, gama gajerun zantuka ne irin waɗanda tsofaffi ke jefawa a zaure, ko da yake surori tara na farko doguwar nasihar uba ce ga ɗansa, ba karin magana ba. “Mai Hadishi” kuwa, mun sha ganin ɗalibai suna tsayawa a kansa, “Mai Wa'azi” ya fi shi sauƙin kamawa.

Inda muke da ja da juyin 1979 shi ne sunan Yahaya. Gaskiya ne a Helenanci suna ɗaya ne ga mai baftisma da kuma manzo ɗan Zabadi, saboda haka masu juyin ba su yi ƙarya ba da suka kira su duka Yahaya. Amma a Baturiya, Yahaya mutum ɗaya ne a sanin kowa: annabi, ɗan Zakariya. Ka miƙa wa masunci Bishara ta Yahaya, zai ɗauka annabin ne ya rubuta ta, sai kuma ya ji a wata Bisharar cewa Hirudus ya sa an fille wa Yahaya kai tun Yesu yana cikin hidimarsa. To, wa ya rubuta labarin gicciye da tashi? Ruɗani ne wanda kalma ɗaya ta haifar. Sabon Rai Don Kowa ya koma ga “Yohanna”, ya kuma koma ga “Kiristi”. Ya sauƙaƙa jimla domin matasa da waɗanda Hausa ta zame musu harshe na biyu, wannan kuwa hidima ce ta gaske, ko da yake a waɗansu wurare sauƙin yakan rage wa magana kaifi. Ba mu ga juyin da ya ci duka ba. Kowanne ya sayi wani abu ya biya da wani.

To, idan haka ne, ina ikon Littafin yake? Nan ne muke so ɗalibi ya tsaya ya yi tunani sosai, domin masu bi da yawa a arewa sun ɗauki koyarwar “saukakke” daga wurin maƙwabta ba tare da sun lura ba, suka ɗora ta a kan bugu ɗaya na Hausa. Abin da ikilisiya ta shaida tun farko shi ne Nassi hurarre ne, kamar yadda 2 Timoti 3:16 ya koyar, kuma bisa ga 2 Bitrus 1:21 mutane ne suka yi magana, Ruhu Mai Tsarki yana bi da su. Amos makiyayi ya yi magana da muryar makiyayi, Luka likita ya ce ya bincika kafin ya rubuta. Ba a ɗauke musu harshensu ba, ba a kuma keɓe harshe ɗaya aka ce shi kaɗai ne na sama ba. Tsohon Alkawari da Ibraniyanci aka rubuta shi, da ɗan Aramiyanci a Daniyel da Ezra. Ubangijinmu da Aramiyanci ya yi wa talakawan Galili magana, amma Bisharu huɗu da Helenanci suka zo mana. Markus yakan ajiye kalmar Aramiyanci jefi-jefi, kamar a 5:41 da 7:34, nan take kuma ya fassara ta. Wato maganar Yesu da muke da ita, tun a rubutun farko juyayya ce. Manzanni ma, sa'ad da suke kawo Tsohon Alkawari, sau da yawa daga juyin Helenanci da ake kira Saftuwajin suke ɗaukowa. A gwada Zabura 40:6 da Ibraniyawa 10:5. A Ibraniyanci zancen kunne ake yi, a wasiƙar kuwa zancen jiki ne, domin marubucin ya bi juyin da masu karatunsa suka sani, bai kuwa ji tsoron kafa hujja a kai ba. Lamin Sanneh, masanin nan ɗan Gambiya wanda shi kansa ya tashi a gidan Musulmi, ya gina littafinsa na 1989 a kan wannan: cewa yarda da a juya saƙon zuwa kowane harshe ba rauni ne da ya sami bangaskiyar Kirista daga baya ba, halinta ne tun ranar Fentikos.

Saboda haka amsar da ta dace da mai tambaya ba “wannan ne, bar waɗancan” ba ce. Amsar ita ce, dukansu juyi ne na abu ɗaya, asalin yana nan da Ibraniyanci da Helenanci, ana koyar da shi, duk mai so yana iya gwada juyi da shi. Ya kamata kuma a faɗa masa a fili cewa abin da shi yake nufi da Linjila, wato littafi guda da aka saukar wa Annabi Isa, ba shi ne abin da muke nufi ba. A wurinmu Almasihu kansa shi ne Kalman, Bisharu huɗu kuwa shaidar waɗanda suka gan shi ne da waɗanda suka ji daga bakinsu. Mai yiwuwa ba zai yarda ba. Amma zai tashi ya san inda muka bambanta, wannan kuwa ya fi a bar shi da zaton muna ɓoye wani abu.

Zancen ɓoyewa ya kawo mu ga ayoyin da ake cewa an cire. Yau kowane saurayi mai waya zai iya nuna wa fasto cewa a waɗansu juye-juye, Ayyukan Manzanni 8:37 ko Matiyu 17:21 suna ƙasan shafi ko cikin baka, ba a tsakiyar rubutu ba. Mai hidimar da ya ji wannan a karo na farko a bakin kasuwa, ya riga ya faɗi. Gara ya ji shi a nan. Kafin injin buga littattafai da hannu ake kwafar Nassi, kwafe-kwafen Helenanci da suka rage kuwa sun haura dubu biyar. Inda suka saɓa, masana sukan gwada su, su nuna abin da mafi daɗewa suka ƙunsa. Manyan kwafe biyu na ƙarni na huɗu, na Sina'i da na Batikan, sun tsaya a Markus 16:8, shi ya sa ake sa bayani a kan ayoyi 9 zuwa 20. Lambobin ayoyi kuwa ba manzanni ne suka sa su ba: Robert Estienne ne ya raba Sabon Alkawari aya aya a bugunsa na 1551, bisa ga kwafen da ke hannunsa a lokacin. Da aka sami waɗanda suka girme su, sai wata lamba ta zauna babu rubutu a gabanta. Wanda yake so ya ɓoye abu ba ya buga shi a ƙasan shafi. Muna roƙon masu hidima su koyar da wannan a ajin nazarin Littafi, a natse, tun ba a tambaye su ba.

Akwai wata hanya kuma da ake mai da ikon Nassi ya koma cikin takarda. Ana sa Littafi a ƙarƙashin matashin kai don mugun mafarki. Ana buɗe shi a Zabura 91 a bar shi a kan tebur har shafin ya yi ja da ƙura, ba mai karantawa. Ana ɗora shi a kan cikin mara lafiya. Sunan wannan laya, ko da an yi masa bango baƙi da zinariya a gefe. Isra'ilawa sun gwada irinsa a 1 Sama'ila sura 4, suka ɗauko akwatin alkawari zuwa bakin dāga don ya cece su, aka ci su, aka ƙwace akwatin. Macijin tagulla da Musa ya yi bisa ga umarnin Allah, da jama'a suka fara ƙona masa turare, Hezekiya farfasa shi ya yi. A ɗaya gefen kuma a duba Irmiya sura 36: sarki Yehoyakim ya yanyanka naɗaɗɗen littafin da wuƙa ya jefa a wuta, Irmiya ya sake faɗa, Baruk ya sake rubutawa, hukuncin kuwa ya auko wa sarkin kamar yadda aka faɗa. Wannan sura tana da amfani ga mai hidima a ƙasar ambaliya. A shekara irin 2022, sa'ad da ruwa ya ci gidaje da gonaki a ƙasar Hadejia, mai bi zai iya tsamo Littafinsa daga laka ya kumbura, shafuffuka sun manne, ya zo yana rawar jiki ko alhaki ya hau kansa. A ta'azantar da shi, a nemo masa wani. Ba muna cewa a wulaƙanta Littafi ba. A inda muke zaune, mai bin da ya ajiye shi a ƙasa kusa da takalmi ya riga ya yi wa'azi, mugun wa'azi kuwa, tun bai buɗe baki ba. Ladabi ga Littafi wajibi ne. Amma ladabi dabam, dogara ga takarda dabam.

Abin da ya kamata a koya daga tsangaya shi ne naci. Almajiri yana tashi da asuba ya yi karatu a bakin wuta, mu kuwa akwai gidajen da ke da Littafi uku, ba a buɗe ko ɗaya daga Lahadi zuwa Lahadi. Inda ba a karatu, wani abu yakan hau kujerar Nassi, yawanci kuwa “Baba Fasto ya ce” ne, ko abin da wani mai wa'azi ya faɗa a bidiyon waya, ko kuma “ni dai a ganina”. Mutum ya riƙe ayar albarka ya tsallake ta gafarta wa maƙiyi, ya ce ai wannan ba ta zamaninmu ba ce. Bakinsa yana cewa Littafi ne mafi iko, amma shi ne ke zaɓar inda Littafin zai yi magana. Mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni 17:11, manzo Bulus kansa suka auna da Nassi kowace rana, Luka kuwa yabonsu ya yi. Faston da ransa ke ɓaci in ɗan ikilisiya ya buɗe Littafi ya ce, “Baba, a nan ban ga haka ba,” ya kamata ya tambayi kansa ikon wa yake karewa.

A tarihin ƙasar nan muna da mutanen da suka nuna kishiyar halinmu. Isawa, almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, sun watsu zuwa ƙasar Ningi suna girmama Isa ba tare da Bishara ko ɗaya a hannunsu ba. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka zo wurin Likita Miller a Zariya suna neman a karanta musu. Aka kafa musu zama a Gimi, ciwon barci ya kashe da yawa, waɗanda suka ragu suka zama cikin tushen ikilisiyar Wusasa. Ba su mallaki Littafi ba, nemansa suka yi.

Baban nan na Habasha a Ayyukan Manzanni sura 8 ya mallaki Ishaya, yana ma karantawa da murya a cikin karusarsa, duk da haka sai da Filibus ya hau ya zauna kusa da shi. A Nehemiya 8:8 ma Lawiyawa ba su tsaya ga karantawa ba, sun ba da ma'ana har jama'a suka gane. Wannan shi ne aikin da ke jiran wanda aka tura fadama, inda mutane da yawa ba su yi boko ba, waɗansu kuma ajami suka fi iyawa. Raba Littafi kyauta ba ya wadatarwa in ba a buɗe ajin karatu ba, ko a zauna a saurari wanda aka ɗauka a murya tare, a tsaya, a yi tambaya.

Game da wanda za a karanta a kan bagade, ga shawararmu. A ƙasar Hadejia, inda Hausa ce harshen gida da na kasuwa, juyin 1979 ne ya fi shiga kunne, muddin mai karatu zai bayyana wane Yahaya ake nufi. Inda taron ya fi yawa da baƙi da matasa, Sabon Rai Don Kowa zai fi kai musu. Tsohon juyi kuwa kada a ƙwace shi daga hannun dattijo. A ce masa ya zo da shi ajin nazari, in an karanta aya a sabon, a roƙe shi ya karanta ta a nasa, a tambayi jama'a abin da suka ji ya bambanta da kuma dalilinsa. Shi kuma mai hidima, ran da yake shirin wa'azi, ya buɗe ukun a gabansa tare da Helenancin da ya koya a nan, duk inda ya ga sun rabu ya sa alama, gama a nan ne za a tambaye shi.